Updike na Boston, da maganar haruffanmu masu ƙugiya

Malam Habibu, Unguwar Rimi: Salamu alaikum jama'ar zaure. Tun da aiki ya ɗan lafa, bari in kawo mana wani mutum da ya kamata duk mai cin abinci da tawada da takarda ya san sunansa, wato Daniel Berkeley Updike. Ba'amurke ne, an haife shi a 1860 a garin Providence, ya rasu a 1941. Bai yi jami'a ba. Mahaifinsa ya rasu yana saurayi, sai neman abin yi ya kama shi, a 1880 ya shiga kamfanin littattafai na Houghton Mifflin a Boston a matsayin yaron aike. Daga nan ya yi ta hawa har aka fara ba shi tsara tallace-tallacen kamfanin. A 1893 ya buɗe nasa wurin, wanda aka sani da Merrymount Press. Abin da ya fi ɗaga sunansa shi ne littafinsa mai juzu'i biyu, Printing Types, wanda maɗaba'ar Jami'ar Harvard ta fitar a 1922. Asalinsa laccoci ne da ya yi wa ɗaliban sashen kasuwanci na jami'ar. Ya bi tarihin haruffan ɗab'i ƙasa-ƙasa: Jamus, Italiya, Faransa, Holan, Sifen, Ingila, da hotunan shafuka sama da 300 don mai karatu ya gani da idonsa. Mutumin da bai shiga aji a jami'a ba, shi ne ya koma yana koyarwa a cikinta. Abin da nake so mu duba shi ne, me ya sa mu nan Kaduna, da duk injinan da ke garin nan, ba mu da mai irin wannan ido?

Alhaji Ɗanlami mai injin ɗab'i na Kord, Kakuri: Wa alaikumus salam Malam. Tambaya ɗaya gare ni. Shi wannan bawan Allah ya taɓa tsayawa a kan inji? Ya taɓa wanke rola da hannunsa?

Malam Habibu: Alhaji, ba a san shi da aikin inji ba, ba zan ƙara masa abin da ba shi da shi ba. Da ya fara ma ba shi da injin bugawa, tsarawa yake yi a kai wani wuri a buga. Wanda ya riƙe cikin shago shi ne John Bianchi, ƙwararren ma'aikaci da suka san juna tun a Riverside Press, maɗaba'ar kamfanin Houghton Mifflin. Daga baya ya zama abokin tarayyarsa, kuma shi ya ci gaba da riƙe wurin bayan rasuwar Updike har aka rufe a 1949.

Alhaji Ɗanlami: To ka gama magana. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Bianchi ne gwanin ɗab'i, wancan marubuci ne mai son littafi. Haka ake mana a ko'ina. Ofareta ya kwana a tsaye yana daidaita ruwa da tawada, da safe mai babbar riga ya zo ya ɗauki littafi yana juyawa a ce masa sannu da aiki.

Hajiya Rabi, Malali: Alhaji ka yi haƙuri in sa baki, ni ba mai inji ba ce, mai kawo muku aiki ce. An taɓa buga mini littafin yara a wata maɗaba'a a garin nan. Wallahi ofaretan ya yi aikinsa, tawada ta zauna, babu dabbare, launi ya hau kan launi daidai. Amma littafin ba ya karantuwa. Haruffa ƙanana, layi ya matse layi, gefen ciki ya yi kaɗan har sai ka karya bayan littafin kafin ka ga ƙarshen jimla. Abin da ya fi ƙona mini rai, duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ ta fito sai ka gan ta daban da 'yan uwanta, siririya, kamar an yi wa shadda faci da atamfa. Wa zan kama da wannan laifin? Ba ofareta ba. Akwai wani aiki da ake yi kafin a kai ga filet, wato farantin da ake ɗora wa inji ya buga, kuma shi ne babu mai yi. In na fahimci Malam Habibu, wannan aikin ne Updike ya ɗauka a matsayin sana'a.

Malam Habibu: Shi ke nan Hajiya. Shi bai zana harafi ko ɗaya ba. Zaɓa yake yi. Da farko ya bi yayin William Morris na Ingila, shafi cike da ado da baƙin harafi mai kauri. Babban littafin coci da ya fitar a 1896 haka yake, da haruffan da mai zanen gine-gine Bertram Goodhue ya zana masa. Daga baya ya bar wannan hanya, ya koma ga tsofaffin haruffa masu sauƙin karatu irin su Caslon da Janson, ya rage ado. Ya ɗauka cewa kowane aiki akwai harafin da ya dace da shi, kuma ba ka sanin wanda ya dace sai ka san inda kowanne ya fito da abin da aka yi shi dominsa. Dalilin rubuta tarihin ke nan, ba don nishaɗi ba.

Sadik Zane, Kawo: Anti Rabi, abin da ya sami littafinki na san shi, kullum muna gani. Fon ɗin da aka zaɓa ba shi da haruffa masu ƙugiya a cikinsa. Idan kwamfuta ta zo kan ƙ ba ta samu ba, sai ta aro daga wani fon ta cusa ba tare da ta gaya wa kowa ba. A kan allo da wuya ka lura, sai an buga. Wani lokaci ma ba aro take yi ba, akwati take ajiyewa a wurin. Yawancin yaran da ke kan CorelDraw maganinsu ɗaya ne, su cire ƙugiyar gaba ɗaya su bar k da d da b, kwastoma ba zai yi magana ba.

Hajiya Rabi: Ni na yi magana, aka ce mini ai Bahaushe zai gane.

Sadik Zane: Akwai kuma tsohuwar matsala. Kafin Unicode, wato tsarin da ya ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, ya bazu, an yi amfani da fon irin su Rabi'at da Abdalla, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar. Sun yi wa Hausa babban aiki a lokacinsu, jaridu da marubuta sun daɗe a kansu. Amma dabarar ita ce an ɗora haruffan a kan maɓallan baka-baka da sauran alamomi. Shi ya sa idan aka buɗe tsohon fayil a kwamfutar da ba ta da fon ɗin, sai ka ga }asa da ]aya a maimakon ƙasa da ɗaya. Har yau irin waɗannan fayilolin suna zuwa mini, sai na bi su na sauya.

Baba Audu, Tudun Nupawa: Ɗana ne yake rubuta mini, idona ba ya son waya. Ku yara kuna ganin wahalar ƙugiya yau ta fara. Ni da hannu na koyi jera harafi, na dalma, ɗaya bayan ɗaya, a juye, daga cikin akwati mai gida-gida. Manyan haruffa a akwatin sama, ƙanana a na ƙasa. Haruffan daga Ingila ake kawo su, kuma da lissafin Turanci ake auno su, wato e da t su suka fi yawa a cikin ƙunshi. To mu Hausa a muke ci. Kafin ka gama shafi biyu gidan a ya zama wayam, gidan e kuwa ko taɓa shi ba a yi ba. Sai a buga abin da aka jera, a warware, a mayar da kowane harafi gidansa, sannan a ci gaba. Masu ƙugiya kuwa oda ta musamman ce, 'yan kaɗan ne, maigidanmu a aljihun tebur yake kulle su. In sun ƙare sai a sa waƙafi a gaban d ko b. Kuma Ɗanlami, ka ji ni da kyau, a zamaninmu mai jera harafi shi ne a sama da mai inji, a albashi da daraja, don shi ne ya iya karatu, shi ke kama kuskuren marubuci. Abin da Habibu yake faɗa ba baƙon abu ba ne, mun yi shi, kwamfuta ce ta zo aka miƙa kujerar ga duk yaron da ya iya riƙe linzami.

Alhaji Ɗanlami: Allah ya ƙara lafiya Baba, ba na ja da kai. Amma kai ka taɓa dalma da hannunka. Maganata a kan wanda bai taɓa ba ce.

Baba Audu: Wanda ya kawo mana ƙugiyar ma bai taɓa ba.

Malam Habibu: Baba ya taɓo wurin. Kafin ƙugiya, Turawan da suka rubuta Hausa da boko kowa da dabararsa, wani ya ɗiga ɗigo a ƙarƙashin harafi, wani ya sa waƙafi, wani ya bar shi haka. A 1928 wata cibiyar nazarin harsunan Afirka da ke Landan, ƙarƙashin jagorancin masana irin su Diedrich Westermann, ta fitar da tsarin haruffa na bai-ɗaya don harsunan Afirka. A shekarun 1930 ne Hausa ta zauna a kan haruffa masu ƙugiya, lokacin da Rupert East yake riƙe da hukumar talifi a Zariya. Ku lura, ɗigo a ƙarƙashin harafin dalma abu ne mai saurin karyewa ko toshewa da tawada, ita kuwa ƙugiya jikin harafin ce. Da aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939 da Abubakar Imam a kujerar edita, sannan aka kafa kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945, sai idon mutane ya saba da su. Duk wannan shawarar masu zaɓen harafi ce, kuma a kanta muke har yau.

Ishaku, Sabon Tasha: Ina gaisuwa manya. Ni ta wani ɓangare na san sunan Updike. Shi ya buga babban littafin addu'o'in cocin Episkofal ta Amurka da aka sabunta a 1928, bugun ya fito a 1930, attajirin nan J. P. Morgan ƙarami ne ya biya. Da haruffan Janson aka yi shi, baƙi da ja kawai, babu hotuna. Abin da ya sa nake kawo shi, littafi ne da ake karantawa a tsaye, da murya, a gaban jama'a, don haka inda layi ya karye da inda shafi ya juya duk sai an yi tunaninsu. Ni littattafan waƙoƙin coci nake bugawa da Hausa, kuma matsalar ɗaya ce. Idan ka raba baiti tsakanin shafi biyu, rabin jama'a za su yi shiru suna juya takarda. Littafi Mai Tsarki na Hausa cikakke ya fito tun 1932, da hannun su Dokta Miller na Wusasa a aikin, amma har yanzu ƙananan littattafanmu sai ka ga an cushe su don a rage takarda.

Alhaji Ɗanlami: Yauwa Ishaku, ka faɗi da bakinka, Morgan ne ya biya. A kawo mini Morgan Kakuri a ga aiki. Takarda daga waje take zuwa, da dala. Jebba, Oku Iboku, Iwopin, masana'antun takarda uku aka gina a ƙasar nan, wanne ne yake ba mu abin da za mu buga littafi a kai? Ga dizal. Kwastoma ya zo da littafi mai shafi 120 ya ce a mayar masa 80 don rim ya rage. In na ce masa harafi zai yi ƙanƙanta, ya ɗauki fayil ɗinsa ya tsallaka titi. Wani ma Shomolu, unguwar masu ɗab'i a Legas, zai aika a buga masa a ɗoro a mota. Da fastar 'yan siyasa da kalandar biki muke biyan haya, ba da tarihi ba.

Malam Habibu: Alhaji, littafin Morgan guda ne a cikin aikin kusan shekara hamsin. Abincin yau da kullum na Merrymount irin namu ne: katin gayyata, kan wasiƙa, takardun makarantu da na ƙungiyoyi, da littattafan da wasu kamfanoni ke kawowa a buga musu, har da na farko-farkon marubuciya Edith Wharton. Ba kamar Morris ba ne da yake buga abin da ransa ke so da kuɗin gidansu. Shago ne na kasuwa mai biyan albashi. Bambancin kawai, ƙaramin aiki ma sai an zauna an tsara shi. Kuma ka duba, cikin abin da Hajiya ta lissafa, wanne ne yake cin dizal? Zaɓen fon mai ƙugiya kyauta ne. Matsar da rubutu daga gefen ciki kyauta ne.

Alhaji Ɗanlami: Lokacin yaron da zai zauna ya yi ba kyauta ba ne.

Hajiya Rabi: Ku sa shi a cikin farashi mana, ku faɗa mana. Wasunmu za su biya. Ni na sake buga littafin nan daga farko, wanne ya fi tsada?

Malam Tukur, Rigasa: Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Malam Habibu, ina da ja a kan mutuminka ta wata fuska. Tarihinsa na Turai ne, daga Gutenberg na garin Mainz, wanda ya fara ɗab'i da haruffan ƙarfe a Turai wajen 1450, zuwa gaba. Alhali Sinawa sun yi haruffa masu motsi na yumɓu tun ƙarni na 11, a Koriya kuma akwai littafin da aka buga da haruffan ƙarfe a 1377. Wannan ma a bar shi. Mu nan tun kafin boko muna da masu ido a kan harafi, su ne marubuta Alƙur'ani. Masar ta fitar da bugunta na haruffan ɗab'i a 1924, ya cika duniya, amma almajirin tsangaya har gobe rubutun hannu irin namu yake nema, mai kauri, na ruwayar Warshu, fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama. Shi ya sa masu ɗab'i suka bi su, a sa gwani irin Sharif Bala na Kano ya rubuta da hannu, a ɗauki hoton shafukan a buga. Wato mutanenmu sun ƙi harafin da bai dace da idonsu ba, suka tilasta wa inji ya bi alƙalami. Me ya sa za mu je Boston neman wannan darasi?

Malam Habibu: Malam Tukur, na yarda littafinsa bai zo inda muke ba, bai kuma yi da'awar zuwa ba. Amma abin da ka kawo shi ne ainihin abin da ya buɗe tarihinsa da shi, cewa masu ɗab'in farko rubutun hannun garinsu suka kwaikwaya. Gutenberg ya bi baƙin rubutun marubutan Jamus. Nicolas Jenson a Benis a 1470 ya bi rubutun malaman Italiya, daga nan irin haruffan da muke karantawa yanzu suka samo tushe. Aldus, wani mai maɗaba'a a Benis, ya fito da harafi mai kwanciya a 1501, shi ma daga alƙalami. Ba darasin nake cewa mu aro ba, muna da shi. Abin da ba mu da shi shi ne wanda ya zauna ya tattara shafukan, ya jera su, ya ce wannan hannun Kano ne, wannan na Barno ne, wannan bugun Zariya ne na shekara kaza, ga lokacin da ɗigo ya koma ƙugiya.

Malam Tukur: A kan rubutun ajami masana sun yi aiki, ba za a ce ba a yi ba. Ɓangaren bokon ne maraya.

Sadik Zane: Akwai ma wani abu da ban taɓa jin an ambata a shago ba. A shekarun 1980 Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta yi aikin haruffan bai-ɗaya don harsunan Nijeriya, ana ce musu Pan-Nigerian, kuma Hermann Zapf na Jamus, wanda ya zana Palatino da Optima, yana cikin waɗanda suka sa hannu. Kowa a nan ya taɓa amfani da Palatino, amma wa ya taɓa ganin wancan a kwamfutarsa? Ga masu neman mafita yanzu, fon irin su Charis SIL da Gentium da Andika da Noto duk suna da ɓ ɗ ƙ manya da ƙanana, har da ƴ ta mutanen Nijar, kuma ba a sayar da su. Andika don masu koyon karatu aka yi shi, Anti Rabi, shi ya dace da littafin yara. Kafin ka amince da kowane fon, rubuta Ɓ Ɗ Ƙ manya a cikinsa, ka gwada mai kauri da mai kwanciya, don wani yana da su a siriri kawai.

Ishaku: Sadik, ka turo mini su ta bayan fage don Allah.

Hajiya Rabi: Kayan aikin tarihin nan fa a garin nan suke. Ga Gidan Arewa, ga ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, ga tsofaffin fitowar New Nigerian tun daga 1 ga Janairun 1966. Ga sashen koyar da ɗab'i a Kaduna Poly, ɗalibi ɗaya ya ɗauki wannan a matsayin aikin kammalawa ai an fara.

Baba Audu: Takarda tana nan, ita ba ta gudu. Ƙarfen ne ya tafi. Da aka koma ofset, wato bugu da filet maimakon dalma, akwatunan haruffa 'yan gwangwan aka kira suka auna a kilo, dalma ce, narkarwa suka yi. Na ga Linotype, injin jera harafi, an sassare shi da guduma don ba ya fita ta ƙofa. Mu da muka yi aiki da su saura ƙalilan, a Kaduna da Zariya. In za ku tambaya ku tambaya yanzu.

Malam Habibu: Baba, in ka ba da izini mu zo da Sadik mu ɗauki bayaninka a waya, mu fara daga nan.

Baba Audu: Ku zo bayan la'asar. Ku kawo tsohon littafi ko wanne ne na kafin ofset, zan nuna muku yadda ake gane bugun dalma da ɗan yatsa, harafin yana nutsewa cikin takarda.

Alhaji Ɗanlami: Ni dai har yanzu ban ba Updike sarautar ba, Bianchi nake ba. Amma in za ku gidan Baba ku biyo ta Kakuri in kai ku a mota, ina da tambayoyi a kan injinan da suka yi aiki da su. Sadik, ka zo da fon ɗin nan a filas ka zuba wa yarana, kuma kai za ka yi musu bayani, ni in na faɗa sai su ce tsufa ne.